A kashe lasifika a dajin Moris

Tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, wata ɗabi'a ta kama masu kallon tsuntsaye. Mutum zai tsaya bakin daji, ya kunna kukan tsuntsu da aka naɗa, ya saita kyamara. Namijin da ke riƙe da wurin sai ya ɗauka abokin gaba ne ya shigo masa, ya baro abin da yake yi, ya dira kan reshe yana waige-waige, wuya a kumbure. Ƙyas, an samu hoto, an wuce. Shi kuwa yana nan yana neman wanda babu shi.

A inda tsuntsaye suke birjik, da sauƙi. Amma a tsibiri irin Moris, cikin Tekun Indiya, ban ga hujjar yin haka ba. Nan ne fa mahaifar dodo, tsuntsun nan marar tashi da ya ƙare ƙaf a ƙarni na 17. Ƙaramin shahon tsibirin, a 1974 guda 4 kacal aka san sun rage a daji, bayan maganin sauro na DDT da saran itatuwa sun yi masa illa, birai da tunku da aka shigo da su kuma suna wawashe ƙwai. Kurciyar tsibirin mai ruwan hoda ta sauko wajen 10 a farkon shekarun 1990. Da hannu aka raini 'ya'yansu, masanin tsuntsaye Carl Jones da abokan aikinsa suka yi ta fama shekara da shekaru kafin su farfaɗo.

Masu lasifika suna cewa ai minti biyu ne. Minti biyun mutum nawa? Hanyoyin gandun Black River Gorges sanannu ne, tsuntsayen da ke kusa da hanya su ne dai kowane ayari zai tsokana, har a lokacin kwanci.

Ɗan jagoran da ke kunna wa baƙi lasifika ban cika ganin laifinsa ba. Baƙon da ya biya kuɗin jirgi tun daga Turai ba ya son jin "sai gobe". Laifin na mai biya ne, wanda ya mai da tsuntsu suna a jerin da zai ɗora a eBird, shafin masu kallon tsuntsaye.

Mai gaggawa ya hau kwalekwale zuwa Ile aux Aigrettes, ɗan tsibirin da gidauniyar kare namun dajin Moris ke kula da shi. Can ma'aikatanta ke zagayawa da baƙi a ƙafa, kurciyar kuma takan sauko kusa ba tare da an kira ta ba.