Jinjina ga Masu Jirgin Ƙarshen Duniya

Idan babban jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya yada zango a Ushuwaya, can ƙurewar kudancin Ajantina, sa'o'i kaɗan fasinja ke samu a tudu. Da yawa sukan ƙarar da su a cikin wani ɗan jirgin ƙasa mai tururi da ake wa laƙabi da Jirgin Ƙarshen Duniya. Faɗin layin dogonsa santimita 50 ne kacal, kai ka ce abin wasan yara. Amma ba wasa ne ya haife shi ba. Fursunonin kurkukun garin ne suka shimfiɗa layin a farkon ƙarni na 20, suna shiga daji cikin dusar ƙanƙara su saro itace. An rufe kurkukun a 1947, layin ya mutu a 1952, sai a 1994 aka farfaɗo da kilomita 7 na ƙarshensa.

Jinjinata ga ma'aikatan jirgin da ba a cika ɗaukarsu hoto ba. Injin tururi ba mota ba ce, balle a murɗa makulli ya tashi. Tun da asuba ake hura masa wuta, a jira ruwan tukunya ya tafasa sannu a hankali, a bi kowace gaɓa da mai, cikin sanyin da ke sandarar da yatsu. Direba kuwa da kunne yake tuƙi: numfashin injin na sauyawa ya gane. Haka zai lallaɓa da kai gefen kogin Pipo, ka ga kututturan bishiyoyin da fursunoni suka sare, ya kuma dawo da kai kafin jirgin ruwa ya busa ƙaho.