TSOKACI A KAN LABARIN DORUGU: INA BABIN KOMOWA GIDA?

A wannan fitowa ina so mu ɗan leƙa wani ɓangare na adabinmu da ba a cika yin nazarinsa ba, wato labarin tafiya, musamman tafiyar da ta kai Bahaushe bakin teku har ya shiga jirgin ruwa. Zan kafa hujja da ɗaya daga cikin tsofaffin labaran da muke da su a rubuce, wato labarin Dorugu.

Shi dai Dorugu an haife shi ne a Dambanas, kusa da Kance ta ƙasar Damagaram, wajen shekarar 1840. Yana yaro aka kama shi bawa aka kai shi Barno, inda wani Bature mai suna Overweg ya 'yanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852 sai ya koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. Mu mutanen arewacin Zamfara muna da rabo a cikin wannan tafiya, domin a 1853 ayarinsu ya taso daga Katsina ya ratsa ta Zurmi da Badarawa, wadda yau take cikin ƙasar Shinkafi, a kan hanyarsu ta zuwa Wurno. Daga nan suka kai har Tambutu, suka juyo, suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka isa Ingila a 1855. A can ne wani mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, ya riƙa rubuta abin da yaron ke faɗa masa da Hausa, ya buga shi cikin littafinsa Magana Hausa a 1885.

Ta fuskar salo, labarin ya cancanci yabo. Dorugu ba ya ƙawata zance, ba ya kuma yi wa mai sauraro wa'azi. Abin da idonsa ya gani shi yake faɗa, cikin gajerun jimloli irin na mai ba da labari a dandali. Dubi yadda ya kwatanta zaman cin abincin Turawa. Ya dube su ne kamar yadda su suka saba duban mu, wato a matsayin mutane masu baƙuwar al'ada. Matashin marubuci zai koyi darasi a nan: gani ya kori ji, kuma wanda ya tsaya ya lura da ƙaramin abu ya fi wanda ya cika shafi da "abin sai wanda ya gani".

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Labarin ya ƙare ne Dorugu yana Ingila. Alhali kuwa ya dawo Afirka a 1864, daga baya ya zauna a Kano, ya yi aiki tare da Ɗan Hausa a makarantar Nasarawa, ya rasu a 1912. Ke nan kusan shekara 50 na rayuwarsa bayan komowa ba su cikin labarin. Yaya ya ji ranar da ya sake jin Hausa a bakin 'yan kasuwa? Da wane ido mutane suka dubi wanda ya yi shekaru cikin Turawa? Wannan babi bai samu shiga ba, kuma laifin ba na Dorugu ba ne. Alƙalamin yana hannun Schön, shi kuwa Hausar yake nema don nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876. Da ya sami abin da yake so, sai labari ya tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko da alƙalami ya dawo hannunmu, giɓin bai cike ba. Abubakar Imam ya tafi Ingila ta ruwa a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, tare da 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ciki har da Nnamdi Azikiwe, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Tun daga sunayen littattafan za ka gane cewa jigonsu fita ce da abin da ake koyowa a waje. A ƙagaggun labarai ma haka abin yake. A Ruwan Bagaja komowa Kwantagora bikin nasara ce kawai. A Shaihu Umar kuwa tauraron bai ƙare a Kagara inda aka haife shi ba, a Rauta ya yada zango, kuma hanyar dawowar ba ta sami filin da hanyar fita ta samu ba.

Alhali komowa ita ce wurin da ake gane gwanin marubuci. Teku baƙo ne, duk abin da ka faɗa a kansa mai karatu zai karɓa. Amma garinku kowa ya san shi, ba ka da wurin ɓuya. Dole ka faɗi gaskiyar abin da ka tarar: gidan kakanni da gado ya raba, tsohuwar da ta dube ka ta kira ka da sunan mahaifinka, da yaran da suka tambaye ka wa kake nema a ƙofar gidanku. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mun san karin maganar, amma mu nawa ne muka mayar da ita littafi?

Ba kayan aiki muka rasa ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, 'yan ci-rani da fatake suka riƙa gangarawa Ikko har bakin teku. Kafin jirgin sama ya yawaita, alhazanmu da ƙafa suke zuwa Sudan, su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, da yawansu cikin ƙananan jiragen da iska ke turawa. Wasu sun dawo bayan shekaru, wasu jikokinsu na can har yau. Kowane ɗaya daga cikinsu littafi ne.

Bugu da ƙari, lamarin ya zama na gaggawa. Tun wajen 2011 ta'asar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka da dama a Zamfara, kuma ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Kaura suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Akwai mutumin da yau ko ya so komawa garinsu, kufai zai tarar. Idan ba mu rubuta sunan unguwa, da rijiya, da ranar kasuwa, da wanda ke limanci ba, to, wa zai rubuta?

Shawarata ga mai shirin rubuta labarin tafiya ita ce, kada ya ajiye alƙalami a tasha. Ya ba komowa babinta cikakke, ya lura da ita kamar yadda Dorugu ya lura da teburin Turawa. Shi bai riƙe alƙalaminsa ba, mu kuwa muna riƙe da namu, saboda haka ba mu da uzuri.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa. Wassalam.