4.3 Sharhi a Kan Shirin Mayar da Gidan Yarin Kurmawa Gidan Tarihi

A shekarar 2025 gwamnatin Jihar Kano ta bayyana aniyarta ta mayar da gidan yarin Kurmawa gidan adana kayan tarihi, a kwashe fursunoni zuwa sabon gidan da aka gina a Janguza, kan hanyar Gwarzo. Mai wannan nazari yana ganin shirin abin yabo ne, amma akwai gyara a cikinsa.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce tsufan ginin, wanda aka yi a 1910, zamanin Turawa. Sai dai darajar Kurmawa ba a katanga kaɗai take ba. Kafin gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yari a 1968, wannan gida a hannun En'e yake. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kotunan alƙalai sun ɗaure magoya bayanta da dama bisa laifuffuka irin su yin lacca ba da izini ba. Idan aka tsaya ga tarihin Turawa aka tsallake wannan babi, to an adana kwanon ne an zubar da tuwon.

A nan ya dace a dubi misalin ƙasar Romaniya. Gidan yarin Sighet, inda gwamnatin kwaminisanci ta tsare 'yan adawa, har tsohon Firayim Minista Iuliu Maniu ya rasu a ciki a 1953, an fara aikin mayar da shi gidan tarihi a 1993. Abin lura shi ne, ba gyaran gini kawai aka yi ba. An bi waɗanda suka tsira an naɗi bayanansu a kaset.

Wannan shi ne abin da ya fi gaggawa a nan. NEPU jam'iyyar talakawa ce, kuma labarin ɗaurin ba a birni kaɗai yake ba, yana bakin tsofaffi a gundumomi irin su Gwarzo da Kabo. Wanda yake ɗan shekara ashirin a 1955 ya kai casa'in a 2025. Gini zai iya jiran kasafin kuɗin baɗi, amma waɗannan dattawa ba za su jira ba.

Bisa ga haka, nazarin yana ba da shawarar a fara da tattara bayanan baka, tare da haɗin guiwar Gidan Mambayya da Jami'ar Bayero, kafin a taɓa bulo ko ɗaya.