Jirgin Exodus da Abin da Marubuci Ya Rufe

'Yar uwa mai karatu, mu da muke rubuta littattafan soyayya mun san dabarar nan ta sa magani a cikin zuma. Leon Uris, Bayahuden Amurka, ya fi mu iya ta. A littafinsa Exodus na 1958 ya haɗa Ari, jarumin Yahudawa, da Kitty, ma'aikaciyar jinya wadda mijinta ya rasu. Kina bin soyayyarsu, shi kuwa yana ɗura miki siyasa.

Inda ya burge ni shi ne rigimar mahaifin Ari, Barak, da ƙanensa Akiba. Lokacin Ingila ke mulkin Falasɗinu. A 1917 ta yi wa Yahudawa alkawarin matsuguni, a 1939 kuma ta ce mutum 75,000 kaɗai za su shiga cikin shekara biyar, ga Hitler yana farautarsu. Barak ya ce a bi Bature da lallami da zaman shawara, Akiba ya ce sai bindiga. Ciki ɗaya suka fito, amma suka yi shekaru ko gaisuwa babu. Wannan ba ƙage ba ne, don haka Yahudawan suka rabu, har ƙungiyar Irgun ta tayar da bam a otal ɗin King David a 1946, mutum 91 suka mutu.

To amma jirgin ruwan fa? A littafi yara ne suka ƙi cin abinci a Saifurus har Turawa suka sakar musu hanya. Jirgin gaskiya, a 1947, mutum wajen 4,500 ya ɗauko. Sojojin Ingila suka tare shi a teku, mutum 3 suka mutu, sauran aka mayar da su Jamus, ƙasar da aka kashe danginsu. Wallahi wannan ya fi taɓa zuciya, amma marubucin nasara yake so.

Larabawa kuwa, yawancinsu ya zana su ƙazamai, matsorata, marasa tunani. Ko Taha, aminin Ari, bai bar shi da mutuncinsa ba. Falasɗinawa kusan 700,000 ne suka rasa gidajensu a yaƙin 1948. Na yi ta buɗa shafi ina neman uwa ɗaya daga cikinsu, mai suna, da goyo a baya, da zai bar ni in yi kuka dominta kamar yadda na yi wa Karen. Ban same ta ba.