Burodin tsami ba yayin Turawa ba ne

Tun shekarar 2020, lokacin da kullen korona ya zaunar da mutane a gida har yis ya yi wuyar samu a shagunan Amurka da Ingila, burodin tsami ya sake shiga bakin duniya. Masu suka a nan gida sun ce yayi ne na masu hannu da shuni, ɓarnar fulawa ce, kuma burodin da ya yi tsami ai lalacewa ya yi. Mai faɗin haka bai taɓa tsayawa ya kalli ƙullun mai waina da asuba ba.

Tun zamanin Fir'aunoni Misirawa ke tashin ƙullinsu da ragowar na jiya, kuma a haka duniya ta ci burodi shekaru dubbai. A 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke haddasa tsami. A 1868 'yan gidan Fleischmann suka fara sana'ar yis a Amurka, sannan a 1961 aka fito da tsarin Chorleywood a Ingila, inda inji ke bugun ƙulli cikin 'yan mintuna. Daga nan sauri ya zama sarki. Duk da haka gidan burodin Boudin da ke San Faransisko, wanda aka buɗe a 1849, har gobe da uwar tsami, wato kwaɓin gari da ruwa da aka bari ya yi tsami, yake gashi.

Gwanintar wannan sana'a duka tana wurin ciyar da uwar tsamin. A samu kwalba mai tsabta, a zuba garin alkama giram 50 da ruwa giram 50, a juya, a rufe sako-sako. Garin da ba a cire masa dusa ba ya fi saurin kamawa, domin yis ɗin daji da ƙwayoyin tsami a jikin ƙwayar alkamar suke. Washegari a zubar da rabi, a ƙara gari da ruwa daidai wa daida. Wannan zubarwar ce masu suka ke kira asara, alhali ita ke rage tsamin da ya taru, ta bar wa abin da ya saura wadataccen abinci.

A rana ta biyu ko ta uku kwalbar kan yi kumfa sosai, ta fitar da wari mara daɗi, sai kuma ta yi tsit. A nan mafi yawan masu koyo ke karaya su zubar. Wasu ƙwayoyi ne na daban suka yi wancan tashin farko, kuma da tsami ya ƙaru sai su mutu, su bar wa na ƙwarai fili. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙamshin zai koma irin na kindirmo, kuma uwar za ta riƙa ninka kanta cikin awa 4 zuwa 8 bayan kowace ciyarwa. A ɗaura zare a jikin kwalbar daidai inda kwaɓin ya tsaya. Idan ya haura ya yi tozo a sama, jikinsa duk ƙananan ramuka, lokacin kwaɓi ya yi. Idan ya faɗa, ruwa-ruwa ya kwanta a kansa, yunwa yake ji. A zafin Maris da Afrilu sai an ciyar sau biyu a rana da ruwan randa mai sanyi, da hunturu kuwa sai an nema masa lungu mai ɗumi. Littattafan da aka rubuta don sanyin Turai ba za su gaya maka wannan ba, idonka da hancinka ne malamanka.

Gashin kansa ba shi da wuya. Fulawa giram 500, ruwa 350, uwar tsami 100, gishiri 10. A riƙa jawo gefen ƙullin ana ninkewa duk bayan rabin awa, sau uku ko huɗu, a bar shi ya tashi, a mulmula, a gasa cikin tukunyar ƙarfe mai murfi wadda ta riga ta yi zafi. Tururin da murfin ya tsare na minti 20 na farko shi ke barin burodin ya buɗe kafin ɓawonsa ya ƙandare.

Masu cewa yis ɗin leda ma haka yake yi, sun duba kumburi ne kawai. Tsamin yana jinkirta fumfuna, yana kuma karya sinadarin da ke cikin dusa mai hana jiki zuƙar ƙarfen abinci. Burodin kanti mai laushin auduga kuwa, neman kumburi cikin gaggawa ne ya kai wasu masu gidajen burodi ga zuba sinadarin buromet, har sai da hukumar NAFDAC ta haramta shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kallon wannan ilimi kamar baƙo. A Sudan da ragowar ƙullun dawa na jiya ake tada kisira. A Habasha ruwan tsamin da ya taso kan ƙullu ake ajiyewa don injera ta gaba. Iyayenmu mata sun kwanar da ƙullun waina da na sinasir ya tashi da kansa, suka daidaita tsaminsa da ruwan kanwa, suka san gasarar koko da ta kai da wadda ta zarce, tun kafin yis ya shigo kasuwar Kurmi. Ilimi ɗaya ne da na mai burodin San Faransisko, hatsin ne kawai ya bambanta. Yau an koma yis da hodar tashi, ɗanɗanon ya tafi, muna ta ɗora wa shinkafa laifi.

Saboda haka masu gurasa da funkaso da alkubus su gwada ajiye uwar tsami, matasan da ke koyon gashi kuma su zauna da tsofaffin masu waina su tambaye su yadda ake gane ƙullu ya tashi, tun suna raye.