Moneygall: biki da abin da ya rufe

A ranar 23 ga Mayu 2011 jirgi mai saukar ungulu ya sauke Barack Obama da maiɗakinsa Michelle a Moneygall, wani ƙauye na ƙasar Irlanda da mutanensa ba su wuce ɗari uku da ɗoriya ba. Ya gaisa da jama'a a bakin titi, ya shiga gidan kakanninsa, ya kurɓi Guinness a mashayar garin, ya koma birnin Dublin. Ziyarar ba ta cinye wuni ba, amma hotunanta sun zaga duniya. Muna ganin ya dace a dube ta da idon mai nazari, kamar yadda ake duban wasan kwaikwayo.

Domin kuwa wasa ne mai tsari, kuma ba Obama ya fara shi ba. John Kennedy ya sha shayi da danginsa a Dunganstown a 1963, Ronald Reagan ya ziyarci Ballyporeen a 1984, Joe Biden ya yi jawabi a Ballina a 2023. Kowane karo zubin ɗaya ne: jikan talaka ya dawo a matsayin shugaban Amurka, ƙauye ya shafe bangayensa da fenti, a rungumi juna gaban ƴan jarida. Baƙo na zawarcin ƙuri'un miliyoyin Amurkawa masu tushe a Irlanda, masu masauki na zawarcin ƴan yawon buɗe ido.

Duk da haka, zalunci ne a ce abin duka ƙarya ne. A 2007 wani limamin coci ya binciki tsofaffin littattafan rajistar cocin yankin, ya tabbatar da zuriyar Falmouth Kearney, ɗan wani mai ɗinkin takalma, wanda ya ƙaura zuwa Amurka a 1850. Shi ne kakan kakan mahaifiyar Obama. Da ba a adana waɗannan takardu ba, da zumuncin ya ɓace. Haka kuma ba ƙaramin abu ba ne a ga ƙauyen Turawa yana alfahari da ɗan wani Bakenye, yana kiransa ɗan gida. Wannan ya faɗaɗa ma'anar zama ɗan Irlanda.

Inda muke da ja shi ne abin da shagalin ya lulluɓe. Kearney ya bar gida ne a zamanin babbar yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta lalata dankalin Turawa, mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka tsere. An yi ta yabon wanda jikansa ya ɗaukaka, aka taƙaita zancen waɗanda aka binne. Ban da haka, watanni shida kafin ziyarar, a Nuwamba 2010, Irlanda ta karɓi tallafin ceto daga Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, samarinta kuma sun sake kama hanyar ƙetare. An yi murnar ƙaurar jiya alhali ta lokacin tana kwashe ƴaƴan gari.

To, me ya rage? A 2014 aka buɗe Barack Obama Plaza a gefen babbar hanyar M7, gidan mai ne da wuraren cin abinci, da ɗakin baje kolin tarihi a sama. Ya samar da aikin yi, wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai matafiyi na iya shan mai ya wuce bai taka ƙauyen ba.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Ƙafar Obama ta taka Moneygall, mun yaba. Amma malamin da zai kawo wannan labari a aji, ya kyautu ya fara daga 1845, ya tambayi ɗalibansa abin da ya kori ɗan mai ɗinkin takalma daga gida, kafin ya nuna musu hoton shugaba da kofi a hannu.