Abin da Kunne Ke Ji a Littafin Waƙoƙi

Bahaushe ya ɗora wa kalmar “ji” kaya mai yawa. Da ita yake jin kira, da ita yake jin zafi da ƙamshi da daɗin miya. Wanda ya iya harshe, sai a ce yana jin harshen. Yaron da ya ƙi bin magana kuwa, a ce ba ya ji, ko da kunnuwansa lafiya lau suke. Ɗaliban da suka taɓa Ibrananci za su tuna cewa kalmar da ta buɗe Kubawar Shari'a 6:4 ita ma haka take, ta haɗa saurare da biyayya. Yawancin mutanen da muke kiwo ta kunne suke karɓar koyarwa. Wa'azin Lahadi, kafin Talata ya bi iska. Waƙa kuwa tana raka mace zuwa rijiya, tana bin manomi kunya bayan kunya. Saboda haka ya kamata mu auna Littafin Waƙoƙi da kunne, yadda jama'a suke aunawa.

Littafin nan gado ne, ba kuwa abin rainawa ba. Turawan mishan, na SIM da suka fara gwada shigowa a 1893, da na SUM da suka iso a 1904, tare da 'yan ƙasa da suka yi aiki da su, sun tarar da harsuna barkatai, suka ɗauki Hausa ta zama igiyar ɗaure su. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, waƙoƙin kuma suka shiga duk inda ya shiga. Yau Bajju da Ngas da Tangale da Bachama za su haɗu a jana'iza, a kira lamba ɗaya, kowa ya ɗauka ba tare da ya duba takarda ba. Wanda ya tsaya a bakin kabari ya ji wannan ba zai yi saurin cewa a ajiye littafin ba.

Amma da yawa daga cikin waƙoƙin fassara ce, muryoyinsu kuma daga littattafan Ingila da Amurka aka ɗauko su, irin na Ira Sankey, abokin aikin mai bishara D. L. Moody. Mai fassara ya tarar da murya a shirye, aikinsa shi ne ya ƙirga gaɓoɓi: layi na fari takwas, na biyu shida, ya cusa Hausa a ciki. Kalmar da Bature yake kiran Ubangiji da ita gaɓa ɗaya ce, tamu huɗu. Alheri, zunubi, gicciye, duk gaɓa ɗaya ɗaya ne a wurinsa, a wurinmu uku uku. Rigar yaro aka ba babba, dole wani wuri ya fita waje. Shi ya sa wani layin yakan zo a takure, an zubar da rabin tunanin don a shiga da sauran.

Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce, Hausa tana da muryarta tun kafin a rera ta. Kowace gaɓa tana da tsawonta, tana da hawa ko sauka, ma'ana kuma a kansu take tafiya. Kuka na hawaye, gaɓoɓinsa biyu a sama suke. Kuka ta miya, ta biyun sauka take yi. Wuya da ake rataya wa sarƙa daga sama take sauka; wuya ta wahala daga ƙasa take hawa. Rubutunmu na boko bai nuna wannan ba, shi ya sa ido yakan wuce bai ga kome ba. Kunne kuwa da shi yake rayuwa. Makaɗin kalangu yana matse igiyoyi a hammatarsa sauti ya hau, ya saki ya sauka, mahauci a can ƙarshen kasuwa ya ji takensa ya ɗago kai, ba a furta kalma ko ɗaya ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba ka taɓa buƙatar takarda kafin ka san abin da ya ce. Mawaƙan Hausa ba kullum suke bin hawa da saukar magana sau da ƙafa ba, amma tsawon gaɓa suna riƙe shi gam.

Ga misalin da ya kamata ya tsayar da kowane mai hidima. Rubuta “ya tashi”. Idan ka ja “ya” ɗin, ka ɗaga murya a kansa, labari ka bayar: abin ya riga ya faru. Idan ka gajarta shi, ka sauke murya, umurni ne ko fata: bari ya tashi. Haka “ya zo”, haka “ya ji”, haka “ya gafarta”. Muryoyin Turawa da yawa suna buɗe layi da gajeren sauti mara ƙarfi, sau da yawa a ƙasa, kafin su hau kan na biyu mai ƙarfi. Duk “ya” da ya faɗa wannan gurbi ya tashi daga shaida ya koma roƙo. Tsakanin cewa Allah ya riga ya gafarta da roƙon ya gafarta akwai tazarar da muke shafe zango guda muna koyarwa a aji, sai murya ta share ta cikin daƙiƙa ɗaya.

Wani zai ce ai ba wanda ya taɓa ruɗewa da safiyar Ista. Gaskiya ne, mahallin magana yana ceton mu. Ga shi kuma yawancin masu rerawa a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, Hausa harshensu na biyu ne, ba su cika jin tuntuɓen ba. Sai dai akwai masu bi a karkarar Kano da Katsina da Zariya, da Maraɗi a Nijar, waɗanda da Hausa aka yi musu tawai. Akwai maƙwabcin da yake jin mu ta kan katanga. Shi abin da kunnensa yake gaya masa shi ne, mutanen nan baƙon abu suke yi da harshensa. Akwai kuma hasarar da ta fi wannan, ko da yake ba ta da ƙara: wanda ya shekara talatin yana rera kalmomin da ba su zauna daidai ba, kunnensa yakan daina neman ma'ana a waƙa. Yana jin daɗin muryar, yana tuna mahaifiyarsa, amma tambaye shi abin da aya ta uku ta ce.

Zumuntar Mata ba su karanta nahawu ba, amma sun warware abin da ya gagari littafin. Suna fara da magana, murya ta fito daga cikinta. Ɗaya ta bayar, saura su amsa, tulu da ƙuge suna riƙe da tafiyar, kamar yadda ake lugude a tsakar gida. Tsohuwar da ba ta san bihim ba takan koma gida da labarin Yusufu ko na Ayuba a bakinta. Ba na cewa duk waƙoƙinsu zinariya ne. Wasu gargaɗi ne zalla, na kishi da gulma da rashin zuwa taro, ka nemi gicciye ka rasa, a nan kuwa littafin ya fi su nauyi nesa ba kusa ba. Abin takaici shi ne, masu nauyin koyarwa da masu kunnen harshe suna zaune a majami'a ɗaya, mu kuma da muke tsakiya ba mu haɗa su ba.

Yanzu lasifika ta zo ta ƙara nata. An sayi janareta, an ƙure fiyano da ganguna, har mai ba da waƙa ba ya jin kansa. Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa 14:7-9, ya kawo misalin sarewa da molo da ƙahon yaƙi, ya nuna cewa sautin da ba a rarrabe shi ba ba ya tayar da kowa, mai yinsa da iska yake magana. A kan harsuna yake jan kunne, amma misalin daga kiɗa ya ɗauko shi, kuma ya dace da mu.

Kafin ka zaɓi waƙar Lahadi mai zuwa, karanta ayoyinta da ƙarfi kamar kana magana da dattijo, sa'an nan ka rera su a hankali, ka sa alama duk inda murya ta ja gajeriyar gaɓa ko ta danne doguwa. Ka kai wa shugabar waƙa ta Zumuntar Mata aya ɗaya daga ciki, ba tare da ka rera mata tsohuwar muryar ba, ka roƙe ta ta sa mata tata.